Daga Kwanar Dangora Zuwa Ankara: Yadda Ake Ziyarar Tsohon Aboki a Bakin Teku

Motar da ta taso daga Kano za ta Legas ta Kwanar Dangora take ratsawa, saboda haka mutumin Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa da ke son kai wa tsohon abokinsa ziyara a babban birnin Gana, hanya a ƙofar gidansa take. Birnin nan Accra ake rubuta shi a tikiti da takardun hukuma, amma dattawanmu Ankara suke ce masa, kuma sun san shi tun kafin a shimfiɗa kwalta. Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a 1877. Bayan rasuwar mahaifinsa, Madugu Abdullahi, mahaifiyarsa Amarya ta koma Ankara da zama, shi ma da ya tasa ya bi sawunta, ya shiga fataucin goro yana ɗora kaya a jirgin ruwa zuwa Legas. Har yau da wuya ka zauna a majalisar dattawa a wannan yanki ba a sami wanda ɗan'uwansa ko abokin karatun allonsa ya yi nisa a Nima ko Madina ko Ashaiman ba. Abin da nake son kafawa a nan abu ɗaya ne. Ba a auna kyan irin wannan tafiya da yawan wuraren da baƙo ya gani, ana auna ta ne da halin da ya bar mai masaukinsa a ciki. Lokacin tashi, takardu, guzuri, tsaraba, har da yawon ganin gari, duk a kan wannan ma'auni ya kamata a tsara su.

Fara da sanin inda za ka sauka. A Tudun Wada ko Doguwa saukar baƙo ba ta da wani nauyi: akwai zaure ko shago, akwai masara a rumbu, ruwa na rijiya. A zangon Ankara ba haka abin yake ba. Galibin mutanen Nima da Mamobi da Sabon Zango a gidan haya na tarayya suke, ɗakuna jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, kowane iyali da ɗakinsa ko ciki da falo. A ƙofar ɗaki za ka ga murhun gawayi, jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa an jera su a gindin bango, igiyar shanya ta ratsa tsakar gida, kuma da asuba ana layin banɗaki da bokiti a hannu. A gidaje da yawa ruwan sayensa ake yi, wasu ma banɗakin kuɗi na unguwa suke zuwa. Dokar hayar gida ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma a zahiri na shekara ɗaya ko biyu ake nema dunƙule. To idan ka dira ba zato, abokinka zai yi maka lale marhabin da zuciya ɗaya, sai dai a daren nan uwargidansa da yara ɗakin maƙwabciya za su raɓa, kuma ba za ka taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Don haka kira shi tun da sauran wata guda ko biyu, ka faɗi maganar a fili: “Alhaji, ina so in zo mu gaisa bayan kaka. Kwana biyar zan yi. Wane wata ne ya fi maka sauƙi? Kuma don Allah ka duba mini ɗan masauki na kuɗi kusa da kai, ni zan biya.” Idan da iyali za ka, maganar masauki daban ta zama dole.

Wani zai ce wannan baƙon hali ne, Bahaushe ba ya ƙin baƙo, baƙonka Annabinka, kuma ka ce wa amininka za ka kama ɗaki a waje kamar ka ce gidansa bai ishe ka ba ne. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ma ba a yanke shawarar a ɓoye, ana ba shi zaɓi ne. In ya rantse sai a gidansa, kuma ka fahimci akwai wuri, sai ka sauka. Amma al'adar da ake kafa hujja da ita ba ta taɓa zama hanya mai zuwa ɗaya ba. A zamanin fataucin Gwanja, mai masauki a Salaga ko Kumasi yana ba fatake ɗaki da abinci da wurin ajiye kaya, yana yi musu dillanci, yana kuma cin la'adarsa. Saukar baƙo sana'a ce mai riba ga kowa. Sabon Zango na Ankara, wanda Malam Baƙo ɗan Malam Na'inno ya kafa a farkon ƙarni na 20, a kan irin wannan tsari na maigida da 'yan masauki ya ginu. Mai ziyarar yau ba ya kawo goro ko kanwa da za a ci la'ada a kai, ciki da baki kawai ya kawo. Addini ma ya yi wa abin iyaka: hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya sa haƙƙin baƙunci kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ce, ya kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. Wanda ya ɗauki rabin farko na hadisin ya bar rabin ƙarshe, ba sunna yake bi ba, arha yake nema.

Lokacin tafiya kusan ya zaɓi kansa. Babbar daminar Ankara daga Afrilu zuwa Yuli take, ta fi ƙarfi a Yuni, kuma garin na fama da ambaliya. A ranar 3 ga Yuni, 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a unguwar Circle sun hallaka mutum fiye da 150. Lokacin daminar nan kuwa shi ne na shuka da noman farko a gida, ba manomin da zai bar gonarsa. Disamba kuma garin cika yake da baƙi 'yan hutu daga Amurka da Turai, musamman tun bikin komawa gida da Gana ta shirya a 2019, sai kuɗin masauki da na mota su yi tashin gwauron zabo. Abin da ya rage shi ne Nuwamba, bayan an kai masara da shinkafa gida, ko Janairu zuwa Fabrairu ga wanda aikin noman rani bai ɗaure shi ba. Azumi da Sallah suna da daɗi a zango, amma lokacin ne aljihun mai iyali ya fi shan wuya.

Takardu biyu ne ba makawa. Na farko fasfo mai sauran wa'adi, gara ya zama da sauran wata shida ko fiye, kuma ba a yin sa sai da lambar NIN. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin da Togo da Gana ba biza har kwana 90. Na biyu katin allurar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Ana yin allurar a ofishin lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano, ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A tasha za a ce maka duk wannan wahala ce, mutane na tsallakawa kullum a kan babur ta bayan gari, ko su sayi katin ba tare da allura ba. Gaskiya ne ana yi. Amma duba wanda abin zai faɗa wa. Wanda ya shiga ƙasa ba hatimi a fasfonsa, duk shingen da ya tarar sai ya saye kansa, in kuwa aka tsare shi, lambar wayar da zai bayar ta abokinsa ce. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gina sunansa a unguwa shi zai bar shagonsa ya je yana rusuna wa jami'ai. Mutanen zango ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, kamar yadda 'yan Gana ba su manta da 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shagari ta kore su, har jakar nan mai ratsi ta samo sunan da ake kiran ta da shi. Maganar takarda a can ba ta wasa ba ce.

Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, daga Legas zuwa Ankara bai kai 500 ba, amma kada gajartar ta ruɗe ka, iyaka uku ce a tsakani: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao wadda ke manne da birnin Lome. Hanya biyu ce. Ko ka shiga babbar motar kamfani irin su ABC da ke tafiya kai tsaye, ma'aikacinsu ya tattara fasfo ya bi da shi ofis ofis, ko ka yi ta yanki yanki daga Mile 2 zuwa Seme, zuwa Kwatano, zuwa Lome. Ta biyun ta fi arha a baki, ta fi tsada ga wanda bai san hanya ba, don haka mai zuwan farko ya ɗauki ta farkon. A Aflao, da ka sauko za a yanyame ka: masu canji da damin kuɗi a hannu, masu ɗaukar kaya, da samari masu cewa kawo fasfo in buga maka. Kada fasfonka ya bar hannunka sai ga mai kaki a bayan tebur, kuma kafin ka matsa buɗe shafin ka ga hatimin da kwanan watan da idonka. Kuɗi iri uku za ka taɓa, naira da sefa da sidi. Canza 'yar sefa kaɗan a Wapa ta Fagge don ruwa da abinci a hanya, ƙananan takardu, sauran ka bari sai ka isa abokinka ya kai ka wurin canji mai lasisi. Tun 2007 aka sauya sidi, dubu goma na da suka zama ɗaya, amma wasu tsofaffin 'yan kasuwa har yanzu da tsohon lissafi suke faɗin farashi, sai ka tambaya kafin ka firgita. Da ka shiga Togo kuma mayar da agogonka baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana.

Tsaraba ta zama mara nauyi, wadda ake marmari: hula mai kyan aiki, turare, dabino, yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, atamfa ko mayafi ga uwargida. Ita ce za ta ɗauki wahalar girkinka, kuma ita aka fi mantawa da ita. Saƙon wasu kuwa, duk ƙullin da ba a buɗe a gabanka ba kada ka ɗauka, ko na wane ne.

Kwana biyun farko na mutane ne, ba na gari ba. Bari mai masaukinka ya tsara wa za a fara gaisarwa, domin shi ya san wane ne babba, wa aka yi wa rasuwa, wa kuma ba sa ga maciji da wane. Yawanci za a fara da dattijon gida, sai limamin unguwa, sai sarkin zango in abokin naka na da kusanci da fada. In kana da abokai uku a unguwanni daban daban, sanar da kowannensu ranarsa tun kafin ka iso, don kada wani ya ji a bakin mutane cewa ka kwana uku a gari. Ka riƙe cewa mutumin da ka rabu da shi a tsangaya ko a makarantar kwana ba shi ne za ka tarar ba. Ya yi iyali, wataƙila matarsa Bagwanjiya ce ko Badagomba, 'ya'yansa sun fi sakewa da Turanci ko Tuwi, Hausar tasu kuma ta zango ce, wadda sau da yawa ba ta bambanta namiji da mace. Kada ka yi dariya, kada ka zama malamin nahawu, Hausar da ta rayu fiye da shekara ɗari a tsakiyar wasu harsuna ta cancanci girmamawa. Haka nan kada ka shigo da rigimar gida. Saɓanin ɗariƙa da 'yan Ahlus Sunna akwai shi a can da nasa tarihin, siyasar jam'iyyun NDC da NPP kuma ta raba 'yan gida ɗaya. Kai za ka faɗi taka ka hau mota, shi za ka bari da maƙwabtan da suka ji. Ga mai bin mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina kasaru, sai ya cika sallarsa.

Sai maganar yawon ganin gari, wanda wasu ke ɗauka ɓarnar kuɗi ce da kwaikwayon Turawa, suna cewa wanda ya je zumunci ya zauna wurin zumunci. Ban yarda ba, dalilina kuma daga ma'aunin nan na farko ya fito. Baƙon da ya zauna a tsakar gida tun safe har dare ya hana mai gida fita nema, ya hana matan gida sakewa. Wanda ya sha kokonsa da ƙosai da sassafe ya fita, ya dawo bayan la'asar da labari a baki, ya sauƙaƙa wa kowa. Roƙi a haɗa ka da wani saurayi na gida da ya san layukan trotro, wato ƙananan motocin haya na birnin, ka biya masa mota da abinci, ka kuma sallame shi. Kusa da Nima, a Kanda, akwai Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021, ginin salon Usmaniyya da tallafin Turkiyya, wurin da ya dace da Juma'arka. Daga nan ka gangara bakin teku zuwa makwancin Kwame Nkrumah, filin da ya tsaya ya shelanta 'yancin Gana a ranar 6 ga Maris, 1957, an kuma sabunta wurin a 2023. Dandalin 'Yanci na nan kusa, kasuwar Makola ma haka. Amma inda ya fi cancantar ka ɓata yini shi ne Jamestown, tsohon gari na ƙabilar Ga, mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da kurkukun James Fort da Turawan Ingila suka gina a 1673, da kwale-kwalen masunta masu fenti kala kala a ƙasan tudu. A can akwai Brazil House, gidan zuriyar Tabom, 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil wajajen 1836, da yawansu Musulmi. Nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, kada kuma ka ɗaga waya a gaban fadar shugaban ƙasa ko barikin soja. Abinci ba zai ba ka wuya ba, shinkafa da wake da tuwo da tsire duk sana'ar mutanen zango ce, sai dai a wajen zango tambayi irin naman kafin ka ci, domin ana sayar da na alade a fili.

In da hali, ware yini guda don Cape Coast da Elmina, tafiyar kamar kilomita 150 yamma da Ankara, a tashi da asuba. Turawan Fotugal suka gina sansanin Elmina a 1482. A sansanin Cape Coast mai jagora zai gangara da ku ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda aka riƙa tsare bayi: duhu, zafi mai ɗanshi, 'yar taga can sama, wata siririyar kwata a tsakiyar daɓe, a saman ɗakin maza kuma coci ne aka yi. Daga nan a bi da ku zuwa ƙofar da in an fita ta ba a dawowa. Bahaushe bai kamata ya shiga nan a matsayin ɗan kallo ba. Kasuwar Salaga da ta azurta fatakenmu da goro kasuwar bayi ce kuma, kuma Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen ƙasarmu an fitar da su ta Badagiri da Wida, garuruwan da motarka ta ratsa ta kusa da su, har suka jagoranci tawaye a Bahia ta Brazil tun daga 1807. Muna cikin waɗanda aka sayar, muna cikin masu sayarwa. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, biya naka, kada ka sa abokinka ya yi ƙaryar cewa kai ɗan Gana ne don a rage maka 'yan sidi.

Teku kuwa, kalle shi daga tudu. Wanda ya iya iyo a madatsar Tiga ko a kogin garinsu bai san wannan ruwa ba. Gaɓar nan tana da igiyar da ke ja ta ƙasa zuwa ciki, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. In ka je Labadi tsaya inda masu tsaro suka yi alama, kuma je da safe a ranar aiki, domin yammacin Lahadi kiɗa ne da giya. Mai son ganin fitowar kifi kada ya je ranar Talata, masuntan Gana ba sa shiga teku a ranar.

Kuɗin cefane shi ne wurin da ake yawan kuskure. Ka miƙa wa namiji kuɗin abincin da ka ci a gidansa cin fuska ne, amma ka sayo buhun shinkafa ko jarkar mai ko kifi daga bakin ruwa ka aika cikin gida alheri ne da ba mai mayarwa. Kuma kada ziyara ta rikiɗe ta koma kasa kaya. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kanta, kuma rumfar abokinka ce za a sa wa ido. In akwai maganar kasuwanci, a yi ta a zaune, a bar aiwatarwa sai an san ƙa'ida.

Kuɗin komawa ware shi tun daga gida a wani aljihu daban, har da rarar kwana ɗaya ko da mota za ta lalace ko a makara a iyaka, domin mafi munin ƙarshen ziyara shi ne mai masauki ya ciyo bashi ya sallami baƙo. Sayi tikiti kwana biyu kafin ranar, ka zagaya ka yi sallama da duk wanda ka gaisar da farko, ka tashi ranar da ka ambata ko da an ce ƙara kwana biyu, wanda yawanci kara ce. Abin da za su ba ka na tsaraba, goro ne ko sabulun salo ko yadin kente, karɓi abin da za ka iya ɗauka, saƙonnin da za a ba ka zuwa Kano kuma a buɗe su a gabanka kamar yadda ka yi da na zuwa. Ragowar sidi canza ta a Aflao, don da wuya ka sami farashi mai kyau in ka yi nisa, kuma tabbatar an buga maka hatimin fita a kowace iyaka, in ba haka ba a zuwa na gaba za a lissafa ka cikin waɗanda suka wuce kwana 90.